Wa Zai Rubuta Kiɗan Bayan Fage? 'Yar Mujalla da Makaɗan Gabashin Sakkwato

Duk ɗalibin da ya taɓa tsayawa gaban kantar da ake jera kundayen digiri a sashen Hausa, ya bi sunayensu da ido, zai lura da cewa akwai waɗansu makaɗa da alƙalami ba ya gajiya da su. Narambaɗa yana nan, Salihu Jankiɗi yana nan, haka Musa Ɗanƙwairo da Sa'idu Faru da Mamman Shata. Babu mai cewa ba su cancanta ba. Wanda ya karanta littafin da Farfesa Aliyu Muhammad Bunza ya yi a kan Narambaɗa, ko ya duba Makaɗa da Mawaƙan Hausa na Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau, ya san an yi aiki na haƙiƙa. Amma fa waɗannan mutane tun suna raye suna da masu adana su: fada ta riƙe su, gidan rediyo ya ɗauki muryarsu, kamfani ya buga faifansu. To, mai gangar noma da ke tashin gayya a wani ƙauye na ƙasar Rabah, da tsohuwar da ke kiɗan ƙwarya a gidan biki a Wurno, da saurayin da ke haɗa waƙa da kwamfuta a shagon cajin waya a Goronyo, su wa zai rubuta?

Amsar da ta fi kusa, kuma ta fi araha, ita ce wata 'yar takarda wadda Turawa ke kira fanzin, ko kuma zin a taƙaice. Ita dai 'yar mujalla ce da masu son wani abu ke yi da hannunsu, ba kamfani, ba edita mai albashi, ba izinin kowa. Mutum ya rubuta, ya buga da tafireta ko ya zana da alƙalami, ya kai injin kwafi ya gurza kamar hamsin ko ɗari, ya ɗinke, ya raba wa waɗanda abin ya shafa. Masu sha'awar labaran ƙagen kimiyya ne suka fara ta a Amurka tun shekarun 1930, amma sunanta bai cika duniya ba sai da ta haɗu da kiɗan rok, musamman reshensa na 'yan tawaye da ake ce wa pank.

A watan Yuli na 1976 wani saurayi ma'aikacin banki a London, Mark Perry, ya ga manyan jaridun kiɗa na Ingila ba su ba wannan sabon kiɗa fili yadda ya kamata, sai ya ɗauki tafireta ta yara da alƙalamin zane ya haɗa 'yar mujallarsa, ya sa mata suna Sniffin' Glue. Ma'anar sunan kuwa ba ta wuce abin da a nan za a ce shaƙar sholisho ba, watau tun daga suna mujallar ta nuna ba ta neman yardar dattawa. Fitowar farko kwafi hamsin ne ko kusa da haka, cike da kurakuran rubutu da gyare-gyaren hannu. Ba ta yi shekara biyu ba ya dakatar da ita a 1977, bayan ta kai ana buga dubbai. Yau duk mai son ya san yadda kiɗan pank ya taso a Ingila, dole ya koma ga waɗannan takardu marasa kyan gani, domin su ne suka je ɗakunan da ake wasan, suka yi hira da makaɗan tun ba su zama kowa ba.

Wadda ta fi ta darasi ga ɗalibin Hausa ita ce Maximumrocknroll, da aka fara bugawa a yankin San Faransisko a 1982, ta ci gaba da fitowa a takarda har 2019. Abin da ya bambanta ta shi ne wani fili da masu karatu da kansu ke cikawa: kowa ya rubuto rahoton garinsu, ya faɗi su wane ne ke kiɗa, a ina suke yi, wa ya daina, wa ya fara, hukuma ta hana ko ta bari. Ta haka yaro a wani ƙaramin gari na Burazil ko Folan ya san ba shi kaɗai ba ne. A ƙasar Cekosulobakiya ta zamanin kwaminisanci ma, inda ake buga irin waɗannan takardu a ɓoye da tafireta da takardar kabon, kame da shari'ar da aka yi wa wasu makaɗan rok na bayan fage a 1976 na cikin abubuwan da suka tunzura marubuta irin su Vaclav Havel suka fito da takardar koke ta neman 'yanci a Janairun 1977. Ashe kiɗan da ake raina wa hankali yakan ɗauki abin da ya fi ƙarfin rawa.

Mai karatu yana iya cewa wannan labarin Turai ne, ina ruwan Sakkwato da kiɗan rok? Ga amsa. A 2008 wani Buzu daga jihar Tawa ta Jamhuriyar Nijar, Mahamadou Souleymane, wanda aka fi sani da Mdou Moctar, ya zo birnin Sakkwato ya ɗauki kundin waƙoƙinsa na farko mai suna Anar. Da harshen Buzaye ya yi su, amma sautin na situdiyon waƙoƙin finafinan Hausa ne, da gangar inji da muryar da na'ura ta lanƙwasa. Ba kamfanin da ya fitar da kundin a lokacin. Daga waya zuwa waya ya bi, ta memori da Bluetooth, har ya ƙetare hamada. Wani Ba'amurke mai suna Christopher Kirkley ya ci karo da waƙoƙin a wayoyin mutane a arewacin Mali, ya sa ɗaya daga ciki a faifan da ya tattara a 2011, Music from Saharan Cellphones, sa'an nan ya bi sawun mai ita har ya same shi. Mutumin nan da ya fara da jitar da ya haɗa da kansa da wayar birkin keke, a 2021 kamfanin Matador na Amurka ya fitar masa da kundin Afrique Victime, kuma jaridun duniya suka sa shi cikin gwanayen jita na wannan zamani.

Abin lura a nan shi ne, a duk inda aka ba da wannan labari, rabon Sakkwato kalma ɗaya ce: an ɗauka a Sakkwato. Da a 2008 akwai wata 'yar mujalla mai shafi takwas da ɗalibai ke zagawa da ita situdiyoyin garin, da yanzu akwai takardar da za ta faɗi wace unguwa, wane yaro ne ya zauna gaban kwamfuta, me Buzun ya nema, me Bahaushen ya ƙara, nawa aka biya. Wannan haɗuwa ta kiɗan Abzin da na finafinan Kano a ƙasar Sakkwato babi ne guda a tarihin waƙar zamani, kuma baƙo ne ya ba duniya labarinsa. Ba yau farau ba. Mai neman kamannin Wurno a zamanin Sarkin Musulmi Aliyu Babba, da kasuwarta da gidajenta, sau da yawa littafin tafiye-tafiyen Heinrich Barth yake buɗewa, Bajamushen nan da ya sauka garin a 1853 da sunan Abdulkarim. Baƙo bai yi laifi ba da ya rubuta. Sai dai an ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Kuma yaɗa rubutu daga hannu zuwa hannu, ba tare da maɗaba'a ba, ba baƙon abu ba ne a wannan yanki. Wurno ribaɗin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ne, a nan ya rasu a 1837, a nan hubbarensa yake. 'Yar'uwarsa Nana Asma'u, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta yi zama a garin, kuma tsarinta na 'yan taru ya dogara ne a kan waƙoƙin da aka kwafa da hannu, jajoji suka haddace, suka kai wa matan ƙauyuka. Lalle manufar 'yan taru karantar da addini ce, kuma babu mai hankalin da zai haɗa ta da mujallar 'yan pank ta fuskar abin da ke ciki. Ta fuskar hanya kuwa akwai kama: ba a jira mutanen ƙauye su zo birni ba, takardar ce ta je ta same su, da harshen da suke ji. Jean Boyd, wadda ta daɗe tana nazarin Asma'u, ta nuna cewa har malfar da ake ɗora wa jaji an ɗauko ta ne daga alamar Innar Gobir, shugabar bori. Watau malamar ta san al'adar da take son kawarwa ciki da waje, ba ta rufe ido ta ce babu ita ba.

A zamanin boko an yi wa lardin Sakkwato jaridarsa, Zaruma, cikin jaridun larduna da hukumar NORLA ta kafa a Zariya a shekarun 1950, tare da Himma ta Katsina da Sodangi ta Kano. Amma Zaruma ta hukuma ce, kamar yadda Gaskiya Ta Fi Kwabo, da aka fara a 1939, ta kasance, kuma jaridar hukuma ba ta zuwa dandalin 'yan tauri sai in an yi rauni. Misalin da ya fi dacewa shi ne na Kano. Da tattalin arziki ya karye a shekarun 1980, kamfanonin ɗab'i suka ja baya, samari da 'yan mata suka shiga buga littattafansu da kuɗin aljihunsu suna sayarwa a kasuwa, irin su Balaraba Ramat Yakubu da Ado Ahmad Gidan Dabino. Masana da dama sun yi musu kallon hadarin kaji, aka laƙaba wa aikin suna Adabin Kasuwar Kano, aka yi ta muhawara a jaridu tsakanin Ibrahim Malumfashi da Abdalla Uba Adamu da wasunsu. Ga shi yau ana rubuta kundin digiri na uku a kan littattafan nan. Haka da finafinai suka taso, mujallun Tauraruwa da Fim, wadda Ibrahim Sheme ya fara a 1999, su ne suka bi 'yan wasa lungu-lungu, kuma tsofaffin fitowarsu sun zama madogarar mai binciken tarihin sana'ar.

To, me 'yar mujalla za ta samu a Wurno da Rabah da Goronyo? Abin ya fi ƙarfin shafukanta. Rabah dai duniya ta san ta da Sardauna, wanda aka haifa can kuma ya yi sarautar garin, kuma waƙoƙin da Jankiɗi da Ɗanƙwairo suka yi masa suna nan a kowane gidan rediyo. Amma ƙasar da ta haifi Sardauna ta haifi manoma da mahauta da maƙera da masunta, kuma kowace sana'a da kiɗanta. Akwai kalangun rundawa da hawan ƙaho. Akwai wasan wuta na maƙera. Akwai kirarin 'yan tauri da na 'yan dambe, wanda ɗan wasa ke yi wa kansa da bakinsa kafin makaɗi ya ɗauka, kuma wannan kirari adabi ne cikakke, da karinsa da habaicinsa, sai dai ba a cika rubuta shi ba sai in mai shi ya kai matsayin Shago, wanda Ɗan'anace ya ɗaukaka. Akwai garaya da goge na 'yan bori, waɗanda suka koma bayan gari da tsakar dare. Akwai 'yan kama da 'yan gambara masu ba'a a kasuwa, da gardawa, da shantu da waƙoƙin daka da niƙa na cikin gida, da sarewar makiyaya. Ta fannin zane kuma ga masu sassaƙar ƙwarya, ga masu fentin bayan manyan motocin da ke ɗaukar albasa da tafarnuwa daga fadamun Rima zuwa kudu, da zakunansu da jiragensu da 'yan kalmomin hikimar da suke rubutawa a jikin allon baya. Motar takan tsufa a sake mata fenti, zanen ya tafi, mai zanen kuma ko sunansa bai sa ba.

Sa'an nan ga sabon abu, wanda shi ne ya fi kama da abin da Turawa ke nufi da kiɗan bayan fage: samarin da ke yin waƙa a ƙananan situdiyoyi, ta soyayya da ta siyasa da ta kuka a kan halin da ake ciki, ba ta shiga rediyo, ba ta zuwa Kano, sai dai ta zaga 'yan garuruwa ta shagon masu tura waƙa a memori, ta yi wata shida ta mutu. Da yawansu ba su da daɗi, wannan gaskiya ce. Amma wace kasuwa ce kayanta duka masu kyau ne? Aikin 'yar mujalla ya haɗa da faɗin cewa wannan waƙa lami ce, waccan kuma mai ita ya kwaikwayi wani, ga kuma guda da ta cancanci a saurara. Yabo ba iyaka aikin maroƙi ne.

Dalilin da ya sa maganar ta zama ta gaggawa kowa ya san shi. Kiɗan karkara a kan taro yake rayuwa: gayya, biki, kasuwa, dandali bayan girbi. Duk abin da ya hana taro ya kashe kiɗa. A watan Yuli na 2018 'yan bindiga suka auka wa Tabanni a gundumar Gandi ta ƙasar Rabah, suka kashe fiye da mutum 30, jama'ar ƙauyuka suka kwarara garin Gandi gudun hijira. A ranar Lahadi 17 ga Oktoba, 2021, aka buɗe wa kasuwar Goronyo wuta, fiye da mutum 40 suka rasa rayukansu. Tun 2019 dubban mutanen gabashin Sakkwato da Zamfara suka ƙetara iyaka zuwa jihar Maraɗi. Idan ƙauye ya watse, ana iya ƙidaya gawa da shanu da buhunan hatsi, amma ba mai ƙidaya taken noma da ya ɓata saboda mai gangar ya koma dako a tashar mota, ɗansa kuma bai gaje shi ba. Take kuwa ba a littafi yake ba. Yana cikin hannun mutum guda, da kunnen waɗanda suka san na kakan wa ake kaɗawa. In waɗannan biyu suka rabu, ko an sami ganga an rasa take.

Tun kafin bindiga ma ruwa ya taɓa yin irin wannan ɓarna. Madatsar Goronyo, da aka kammala a 1984 a kan gulbin Rima, ta sauya noma da su a duk yankin, kuma ambaliyar watan Satumba na 2010 ta ci ƙauyuka da gonaki, har ta yanke hanyar shiga mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Ba a yin abu irin wannan a ƙasar Hausa ya wuce ba a sa shi a waƙa ba. Rahoton hukuma yana nan a fayil. Abin da talakan da ruwan ya ci ya rera fa, yana ina?

Wani zai ce, a zamanin Facebook da TikTok wa ke bukatar takarda? Ai waya ta fi sauri, ta kuma ɗauki murya da hoto. Haka ne, kuma ba wanda ya ce a ajiye waya. Da ita za a ɗauki sautin. Amma a watan Satumba na 2021 an rufe layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 14 na jihar Sakkwato saboda tsaro, ciki har da Goronyo da Rabah, mutane suka yi makonni ba kira ba saƙo. Memori yakan lalace, waya takan faɗa ruwa ko a sace ta, shafi a intanet na kamfanin wata ƙasa ne, yana iya goge shi ba shawara. Uwa uba, bidiyon da ke yawo a waya ba ya faɗin ranar da aka ɗauke shi, ko garin, ko sunan makaɗin, ko ma'anar habaicin da ya sa 'yan kallo suka fashe da dariya. Waƙar tana nan, bayaninta babu. Takarda mai kwanan wata ita ce ke ɗaure sauti a kan wuri da lokaci da mutum, kuma takardun ajami da suka haura shekara ɗari a gafakar malamai sun isa shaida cewa takarda tana da nisan kwana.

Akwai suka guda biyu da suka fi wannan nauyi, kuma bai kamata a yi musu amsar rainin hankali ba. Na farko na addini ne: yaya ɗalibi Musulmi, a ƙasar Shehu, zai ɓata tawada a kan bori da tauri da goge? Wanda ya yi wannan tambaya ya duba Kitabul Farƙi, wanda ake danganta wa Shehu Usmanu, inda aka lissafa shagaltuwa da kaɗe-kaɗe cikin halayen sarakunan Haɓe da ake suka. Malaman jihadi sun bayyana abin da suke yaƙa dalla-dalla, domin ba a gyara abin da ba a sani ba. Sakamakon haka, mafi yawan abin da aka sani a rubuce game da wasannin talakawa na wancan zamani daga alƙalamin masu sukarsu ya fito, su kuwa masu wasan ba a ji ta bakinsu ba ko sau ɗaya. Rubuta cewa ana kiɗan garaya a wuri kaza, ga yadda ake yi, ga abin da masu yi ke cewa, bayani ne, hukuncin kuma yana hannun malamai. Sashen Hausa ya daɗe da amincewa da haka, tun da an yi nazarin Kassu Zurmi mawaƙin 'yan tauri, da Gambu mai waƙar ɓarayi, ba a kuma ce masu nazarin sun shiga sata ba.

Suka na biyu shi ne mai wuya, kuma sunan Gambu ne ya jawo shi. A zamaninsa ɓarawo mai haura katanga ne da dare, shi ya sa jama'a ke iya sauraron waƙarsa suna murmushi, shi ma daga baya ya bayyana tubarsa. Yau akwai masu yi wa 'yan bindiga waƙar yabo, tana yawo a wayoyi, kuma in ana maganar kiɗan bayan fage ba yadda za a yi a ce ba ta ciki. Shin 'yar mujalla za ta buga baitocinta? A'a. Wanda aka kashe wa uba a kasuwa yana cikin masu karatu, kuma buga kirarin mai kisa a takarda ƙara masa girma ne, shi ne abin da yake biyan mawaƙin dominsa. Abin da ya dace shi ne a faɗi cewa irin waɗannan waƙoƙi suna nan, a yi bayanin yadda suke aron salon waƙar maza ta dambe da tauri da farauta suna jingina wa ɗan ta'adda, a nuna inda aron ya zama cin amanar salon, domin jarumin waƙar maza da namiji ɗan'uwansa yake karawa a fili, gaban shaidu. Cikakken matanin kuwa a ajiye shi a ɗakin adana na sashe, inda mai bincike zai nema da dalili. A nan ne 'yar mujallar Bahaushe za ta rabu da ta 'yan pank na London, waɗanda tsokana ita ce jarinsu. Su suna tsokanar sarauniya da 'yan kasuwar faifai ne, ba wanda zai bi su gida da bindiga. Don haka ma sunan mawaƙin da ya yi waƙar kuka a kan 'yan bindiga, ko a kan wani mai iko, ba a buga shi sai da yardarsa, in kuma ya ce a sakaya, a sakaya har da sunan ƙauyensa.

Saura tambayar da malamai za su yi, kuma suna da hakkin yin ta: me ya hana a bar wannan aiki ga kundin digiri, wanda ke da mai dubawa da ƙa'ida? Kundi yana da amfaninsa, amma an rubuta shi ne domin mai jarrabawa. Rabinsa bitar ayyukan da suka gabata ne, shi ya sa ɗalibi mai wayo yakan zaɓi makaɗin da aka riga aka yi rubutu a kansa, don ya sami abin bita. Ta haka wanda aka rubuta ake ƙara rubutawa, wanda ba a taɓa ba ya dawwama a haka. Kundi kuma kwafi uku ne ko huɗu, a kanta yake ƙarewa, makaɗin da aka yi hira da shi ba zai taɓa ganinsa ba. 'Yar mujalla tana iya ba mutum shafi ɗaya tak, da hotonsa da baiti goma da tarihin gangarsa, ta fito cikin wata guda, ta koma ƙauyen a karanta masa gaban jama'a, ya ce nan an yi daidai, nan an yi kure, a gyara a fitowa ta gaba. Bayan shekara goma waɗannan shafuka su ne za su zama ayyukan da suka gabata ga mai kundi.

Akwai kuma batun harshe, wanda ya kamata ya fi damun sashen Hausa. Daidaitacciyar Hausa da Hukumar Harshen Hausa ta 1955 ta tsaya a kanta ta fi karkata ga karin Kano, kuma ɗalibi yakan ji tsoron jan alƙalamin malami har ya gyara wa makaɗi baki: inda ya ce ɗiya a rubuta 'ya, inda ya ce tahi a rubuta tafi, shina ya koma yana, hwaɗi ya koma faɗi. Da an yi haka kari ya karye, amsa-amo ya gudu, abin da ya rage fassara ce daga Hausa zuwa Hausa. 'Yar mujalla ba ta da maki da za a rage mata. Tana iya rubuta Sakkwatanci da Gobirci yadda suka fito daga baki, ta kuma keɓe shafi biyu na ajami domin dattawan da boko bai ratsa su ba, waɗanda su ne rabin masu labarin.

Kayan aikin ba su da yawa: waya mai ɗaukar murya, takarda 4 da za a naɗe su ba da shafi 16, da kuɗin kwafi ɗari da ɗalibai goma za su iya haɗawa. Ba a bukatar kowa ya jefa kansa cikin haɗarin hanya. 'Yan asalin garuruwan nan suna cikin kowane aji, su ne za su rubuto rahoton garinsu idan sun je hutu, kuma da yawa daga makaɗan ƙauyukan da suka tashi suna zaune yanzu a cikin Wurno da Acida da Gandi da Goronyo da unguwannin Sakkwato, ana iya samunsu da rana tsaka. Sashe ya ba da aron injin kwafi da kanta guda ta ajiya, amma kada ya naɗa kwamitin tacewa, domin ranar da mujallar ta fara jiran sa hannun shugaba ta zama Zaruma ta biyu. Kowace fitowa a ware kwafi uku kafin a raba: ɗaya na makaɗin da aka rubuta, tare da ɗan abin goro kamar yadda al'ada ta tanada, ɗaya na ɗakin karatun sashe, ɗaya kuma a kai Hukumar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu. Lokacin farawa kuwa kaka ne, bayan an kai gero rumbu, sa'ad da 'yan dambe ke fita yawon gari-gari, masu kalangu na biye da su.